Burjin Faransa: shawara ga sabon zuwa da ɗaki ya ishe shi

Ɗan'uwa, idan ka iso Faransa kwanan nan, na san yadda ranar Lahadinka take. Ka yi wanki, ka kira gida, ka latsa waya har ido ya yi yaji, sai kuma ka zauna kana kallon bango. Fita a nan kuɗi ce, shi ya sa da yawanmu suke shekara biyu ba su san komai ba ban da ɗakinsu, tashar jirgi da wurin aiki. Shawarata ita ce ka nemi keke. Kada ka yi dariya. A gida mun ɗauka keke na wanda babur ya gagara ne, amma a nan shugabanka na wurin aiki ma da shi yake zuwa, kuma ba ya jin ya ragu da komai.

Wani abin da zai ba ka dariya shi ne, abin da Turawa suke yayi yanzu, wanda suke kira gravel, ba komai ba ne illa hawan keke a kan burji. Tsakuwa, jar ƙasa, hanyar gona. Abin da kakanninmu suka yi a kan Raleigh da Phoenix da buhun gero a kariya, shi ne aka ƙera wa keke na musamman mai faffaɗar taya, ana sayar da shi fiye da yuro 1,000. Kai ba ka bukatar wannan. Tsohon keke mai giya, mai tayar da faɗinta ya kai milimita 35 zuwa 40, ya wadatar. Ka duba Leboncoin, shafin intanet na saye da sayarwa, ko shagunan Emmaüs masu sayar da kayan gwanjo, ko kasuwar tsofaffin kekuna da ƙungiyoyin unguwa suke ci lokacin bazara. Sai dai ka lura: satar keke ta yi yawa a biranen nan, kuma tun 2021 doka ta wajabta buga lamba a jikin duk sabon keken da aka sayar a shago, lambar tana rajiste da sunan mai shi. Idan mai sayarwa ya ƙi rubuta maka takarda, ko ya yi arhar da ta wuce hankali, ka bar masa kayansa.

Hanyoyin da nake so ka bi sunansu voie verte, wato koriyar hanya. An hana mota da babur bin su, sai masu keke, masu tafiya a ƙafa, wani wurin har da masu doki. Yawancinsu abu biyu ne aka gyara: tsohon layin dogo da aka tone ƙarafunansa, ko kuma gefen kanal, wato hanyar ruwa da mutane suka haƙa, inda a da dawakai suke jan kwale-kwalen kaya da igiya. Jirgin ƙasa ba ya son hawa, ruwa ma haka, don haka hanyoyin a shimfiɗe suke, ba tudun da zai cire maka rai. Wadda ake ɗauka ta farko ita ce ta Givry zuwa Cluny a yankin Bourgogne, da aka buɗe a 1997. A kudu da Cluny akwai ramin jirgi na Bois Clair, tsawonsa kilomita 1.6, za ka ratsa shi a kan keke cikin sanyi kamar randa, amma ana rufe shi da hunturu saboda jemagu suna kwana a ciki. Haka ƙasar take, jemage ma yana da haƙƙi.

Wanda yake Faris ko unguwannin arewa maso gabashinta, ba sai ya je nesa ba. Kanal ɗin Ourcq, wanda Napoleon ya ba da umarnin haƙawa a 1802 don kawo wa birnin ruwa, yana tashi daga unguwar La Villette a Faris ya bi ta Pantin, Bobigny, Bondy, Aulnay-sous-Bois da Sevran, garuruwan da 'yan Afirka suka cika. Wataƙila ma yana bayan gidanka ba ka sani ba. Da farko kwalta ce da bangwaye masu zane-zane, sannan gidaje su fara raguwa, ka shiga dajin Poudrerie, kafin ka ankara sai ga gonaki da bishiyoyi a jere. Daga wajen Claye-Souilly kwalta take ƙarewa, burji ya karɓa, ya kai ka har Meaux, kusan kilomita 50 daga inda ka taso. Idan ƙafa ta gaji, jirgin layin P zai mayar da kai tashar Gare de l'Est a Faris. Ana shiga waɗannan jiragen da keke kyauta, ban da lokacin cunkoson safe da yamma a ranakun aiki. Metro kuwa kada ka ma gwada.

Na kudu suna da kanal ɗin Midi, kilomita 240 daga Toulouse zuwa gaɓar Bahar Rum, aikin Pierre-Paul Riquet da aka gama a 1681. Kyakkyawa ne ƙwarai, amma a wurare da dama saiwoyin bishiya sun fasa hanyar, idan an yi ruwa kuma taɓo ne zalla, don haka ni ba zan tura sabon hawa can ba. Dolce Via ta yankin Ardèche, kilomita 90 a kan tsohon layin dogo cikin duwatsu, ta fi daɗin bi. Akwai kuma Loire à Vélo mai kusan kilomita 900, sai dai ita gauraye take, wani ɓangaren kuna raba ƙaramar hanya da motoci.

Yanzu abin da taswira ba za ta gaya maka ba. A ƙauyen Faransa babu mai faci a gindin bishiya. Tafiyata ta biyu ƙaya ta huda mini taya, na tura keke fiye da awa biyu ina duba ko'ina kamar zan ga wani yaro da kwanon ruwa da famfo. Ka ɗauki tub na canji, faci, ƙaramin famfo da ƙarafunan cire taya, ka kuma koyi aikin a ɗaki tun kafin ka fita. Guzuri ma haka. Gidan burodin ƙauye yakan rufe da azahar ranar Lahadi, da yawa ba sa buɗewa Litinin, kuma abin da za ka tarar a shirye galibi da naman alade ne. Ka haddace kalmomin nan: jambon, lardons, rillettes, saucisson. Dabino, dafaffen ƙwai da gwangwanin kifi sun fi maka kwanciyar hankali. Ruwa kuwa, sirrin masu keke a nan shi ne maƙabarta. Kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo a bakin ƙofa don masu ban-ruwan furanni, nan ake cika gora, nan ma za ka iya alwala. Idan ka ga an rubuta eau non potable, ba na sha ba ne. Salla kuma ka ɗan kauce daga kan hanya, kada ka shiga gonar da aka kewaye da waya, wata wayar tana da lantarki saboda shanu.

Doka ba ta wasa da mai keke. Sa abin sauraro a kunne ko riƙe waya kana tuƙi tarar yuro 135 ce. Yaron da bai kai shekara 12 ba dole ya sa hular kwano, ko da goya shi ka yi a kujerar baya. Birki biyu da ƙararrawa wajibi ne, da dare kuma fitilu gaba da baya, haka rigar nan mai ƙyalli idan dare ya same ka a wajen gari. Takardar zamanka ta kasance a aljihu kullum. Daga Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu lokacin farauta ne, idan ka ga allon chasse en cours a bakin daji, da bindiga ake yi, ka juya. Lambar gaggawa 112. Ka kuma lissafa rana: a Yuni magariba tana kai kusan ƙarfe 10 na dare a Faris, a Disamba kuwa ƙarfe 5 duhu ya fara.

Za a kalle ka a ƙauye, wannan babu makawa, a wasu wuraren ba kasafai suke ganin baƙar fata ba. Ka riga su da gaisuwa. Mutanen Faris ba sa gaisawa a hanya, amma a karkara duk wanda ka gifta ana sa ran ka ce masa bonjour, shiga shago ba tare da ita ba kuwa rashin tarbiyya ne a wurinsu, daidai da shiga gida ba sallama a wurinmu. Tsofaffinsu suna son hira, za su tambaye ka daga ina ka taso, idan ka ce daga Bondy a kan wannan tsohon keken, sai su kama baki. Faransancin da na koya a bakin kanal ya fi wanda na koya a aji yawa.

Ranar farko kada ka wuce kilomita 20 zuwa da dawowa, domin sirdi ne zai fara hukunta ka kafin ƙafa. Ka duba hasashen iska da safe, ka tafi kana fuskantar ta, don ta turo ka gida lokacin da ƙarfi ya ƙare.