Wasiƙun shaida na neman karatun CRNA a Amurka, ga 'yan uwa nas-nas sababbin zuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya shigo Amurka da aikin jinya ba ya daɗewa sai ya ji labarin CRNA, wato nas ɗin da ke sa marar lafiya barci a ɗakin tiyata ya kuma tsare numfashinsa har a gama aiki. Albashin yana da kyau sosai, shi ya sa kowa ke hange. Mutanenmu suna dagewa kan maki da jarrabawa, wannan ba mu da matsala da shi, karatu ba ya ba mu tsoro. Inda muke faɗuwa shi ne wasiƙun shaida, waɗanda wasu za su rubuta a kanka su tura wa makaranta, kuma abin yana min ciwo saboda na san ƙwazon mutanenmu a bakin gadon marar lafiya.

Bari in fara da abin da ke ɗaure wa sabon zuwa kai. Hukumar da ke tantance makarantun nan, COA, ta ce kafin ka shiga karatun dole ka yi aƙalla shekara 1 cikakkiya kana aiki a ICU, wato sashen kula da marasa lafiyar da ciwonsu ya yi tsanani, kuma aikin dole ya kasance a cikin Amurka, ko yankunanta, ko asibitin sojanta da ke waje. Ma'ana ko da ka yi shekara 10 a ICU na babban asibitin koyarwa a Kano ko Zariya ko Yamai, ko ma ka yi kwas ɗin sa barci na bayan karatun jinya a gida, ba za a ƙirga maka shi a wannan sharaɗin ba. Ilimin yana nan a kanka kuma zai taimake ka, amma lissafin daga nan yake farawa. Tun daga 2022 kuma duk wanda ya shiga karatun digirin dakta yake yi, DNP ko DNAP, aƙalla wata 36, mafi yawa ba ka iya haɗa shi da aiki. Makarantar da za ta riƙe ka shekara 3 tana so ta ji daga bakin wanda ya gan ka da idonsa kana aiki da na'urar numfashi da magungunan riƙe hawan jini, ba wanda ya san ka da kirki kawai ba.

A nan ne al'adarmu take ba mu matsala. A gida idan ana neman shaida sai a nemi babban mutum, farfesa ko shugaban asibiti ko wani mai muƙami, ana ganin girman sunan shi ne nauyin takardar. Nan ba haka ba ne wallahi. Wasiƙar babban likita da bai taɓa tsayawa da kai a kan marar lafiya ba, wadda ba ta wuce "yaron kirki ne mai ladabi" ba, ba ta kai wasiƙar manajar sashenku da za ta ce ga ranar da kaza ya faru ga abin da ya yi ba. Ta limamin masallacinku ko ta kawunka likita da ke wata jiha kuwa kar ma ka fara, ba a karɓar ta 'yan uwa da abokai.

Yawancin makarantu guda 3 suke nema. Kusan ko'ina ɗaya dole ta fito daga wanda ke sama da kai a ICU ɗin da kake aiki yanzu, manaja ko mataimakinsa. Sauran biyun ya danganta, wasu suna son likitan ICU ko CRNA ko babbar nas mai digiri na gaba, wasu suna son malamin da ya koyar da kai. Ka buɗe shafin kowace makaranta ka karanta da kanka, kar ka dogara da abin da wani ya faɗa a gurup ɗin WhatsApp, don abin da wannan ta yarda da shi waccan ba ta yarda ba.

Ta manaja ita ce mai wuya. Da yawanmu dutin dare muke yi saboda ƙarin kuɗi ko saboda yara, manaja kuma da rana take zuwa, sai ka shekara ba ta san ka ba sai a jadawalin aiki. Ga kuma kunya, mu an raine mu kada mu yabi kanmu, ka yi aikinka shiru ka tafi gida. To shirun nan a wurinsu ba ladabi ba ne, rashin sani ne kawai, ba su san me ke kanka ba. Ka riƙa magana a zagayen likitoci, ka yi tambaya, ka nemi a ba ka marasa lafiya masu nauyi, ka karɓi horar da sababbin nas idan aka ba ka, ka shiga ko da kwamiti ɗaya ne na sashen. Ka rubuta jarrabawar CCRN, ta shaidar ƙwarewa a jinyar masu tsananin ciwo, da zarar awannin aikinka da irin waɗannan marasa lafiya sun kai 1,750, manaja tana lura da wannan. Sannan a zaman tantance aiki na shekara ka faɗa mata kai tsaye cewa burinka CRNA ne nan da shekara ɗaya ko biyu, me take ganin ya kamata ka gyara. Wasu suna tsoron idan ta ji za ka tafi za ta canza maka fuska. Yana faruwa a wasu wurare, ba zan ɓoye ba, amma ji daga bakinka da wuri ya fi ta ga imel daga makaranta kwatsam. Wanda kuma kamfanin ɗaukar ma'aikata ya kawo shi da kwantiragi, ya duba takardarsa ya ga yaushe wa'adinsa zai cika kafin ya tayar da maganar.

Idan za ka roƙa, ka je da kanka ido da ido, wata 2 ko fiye kafin ranar rufewa. Kar ka tsaya ga "za ki iya rubuta min?", ka tambaya ko za ta iya rubuta maka mai ƙarfi. Idan ka ga tana jan ƙafa ko ta ce ba ta san ka sosai ba, ka yi godiya ka nemi wani idan makarantar ta ba da dama, don mutanen nan ba kasafai suke cewa a'a ƙarara ba, sai su rubuta mai sanyi, mai sanyin kuwa ita ke kashe takarda. Wanda ya amsa ka tura masa CV ɗinka, bayanin da ka rubuta na dalilin son karatun, sunayen makarantu da ranakun rufewa, da 'yar tunatarwa kan wasu lokuta da kuka yi aiki tare. Wannan ba fahariya ba ce, sauƙaƙa masa aiki ne. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka rubuta wasiƙar da kanka ya sa hannu kawai kamar yadda wasu suka saba, masu karantawa sun ga dubbai, suna gane murya ɗaya a takardu biyu.

Ba a ba ka wasiƙar a hannu cikin ambulan. Makarantu da yawa suna amfani da NursingCAS, shafin intanet na neman shiga makarantun jinya, wasu da nasu shafin, kai dai ka sa suna da imel ɗin mutum, su tura masa hanyar shiga ya cike fom ya ɗora wasiƙa. Za a tambaye ka ko ka yafe haƙƙinka na ganin abin da aka rubuta, haƙƙin da dokar FERPA ta 1974 ta ba ɗalibai. Ka yafe. Masu zaɓen ɗalibai sun fi yarda da wasiƙar da suka san mai ita bai gani ba.

Maganar malami daga gida, tana yiwuwa amma da wahala, saƙon yakan faɗa cikin tarkacen imel, ga matsalar intanet, ga malamin da rabon ku ya kai shekaru. Idan ka yi karatun cike gurbi zuwa BSN, wato digirin farko na jinya, a nan, malaminka na nan ya fi. Idan ba ka da shi, ka ɗauki kwas ɗaya mai nauyi kamar ilimin magunguna ko kemistiri, ka yi fice a ajin, ka sami maki da mai shaida lokaci guda.

Ka riƙa duba shafin kana ganin wa ya tura wa bai tura ba, saura sati 2 ka tuna masa cikin ladabi, don takardarka ba ta cika sai duk sun shigo. Kar ka kai kyauta kafin a rubuta, a nan ana iya yi mata mummunar fassara. Bayan an tura katin godiya ya isa, kuma ko an ɗauke ka ko ba a ɗauka ba ka koma ka faɗa musu, saboda da yawa sai a zagaye na biyu suke samu kuma wurin mutanen nan za ka sake komawa.