Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Danganta Bakteriyar Hanji da Tsufan Jiki

Tun a 1907 Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Faransa ya yi hasashen cewa bakteriyar madara mai tsami na iya tsawaita rai, kuma har gobe mutane na riga hujja yanke hukunci a kan wannan batu.

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar alaƙa a matsayin sanadi. Idan bincike ya nuna cewa masu wata irin bakteriya a hanji suna da gajerun telomiya, wato murfin da ke kare bakin zaren DNA, wanda ke raguwa duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu biyu, hakan bai tabbatar da cewa bakteriyar ce ta gajarta su ba. Mai yiwuwa tsufan ne ya sauya hanjin: haƙora sun zube, cimar mutum ta canza, hanji ya rage kuzari, ga kuma magunguna irin su metformin na ciwon sukari da masu rage asid ɗin ciki, waɗanda su kansu suke sauya bakteriyar. Saboda haka, kafin a gaskata rahoto, a duba ko an bibiyi mutanen na tsawon shekaru ne, ko sau ɗaya kawai aka auna su.

Akwai kuma masu ɗauko sakamakon dabba su ɗora wa ɗan Adam. A 2017 masana a Jamus sun tsawaita rayuwar wani ƙaramin kifi ta hanyar ba shi bakteriyar hanjin matasan kifaye, amma kifin nan 'yan watanni yake rayuwa. Dashen bakteriyar bayan gida kuwa, wato sanya bakteriyar bayan gidan wani a hanjin majiyyaci, ba abin wasa ba ne, domin a 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da mutuwar wani majiyyaci bayan an yi masa.

Wani kuskuren shi ne dogaro da gwajin auna tsufan jiki. Agogon tsufa da masani Steve Horvath ya fitar a 2013, wanda gwaji ne irin wannan, yana duba wurare 353 ne a jikin DNA, kuma kiyasi yake bayarwa. Samfurin jini guda na iya ba da amsa biyu idan an sake auna shi, don haka ƙaramin ragi a takardar gwaji bai isa abin murna ba.

Game da ƙwayoyin bakteriya da ake sayarwa a kwalba, akasarinsu wucewa suke yi ba tare da sun zauna a hanji ba. A ganina ya fi dacewa a ciyar da bakteriyar da ke cikin hanji da wake, ganyaye da hatsin da ba a raba da dusarsa ba, domin daga nan suke samar da sinadarin butiret, wanda ke ciyar da bangon hanji tare da rage kumburi.