Darasi na 9: Rainon shuka mai rodi-rodin ganye a cikin ɗaki

Masu sayar da furanni suna kiranta pothos. Shuka ce mai yaɗo, ganyenta kore da ratsin fari ko ruwan ɗorawa. Asalinta tsibirin Moorea ne a tekun Fasifik, inda take hawa itatuwa cikin inuwa da laima. Damagaram kuwa kun san halinta: rana, ƙura, ga wahalar ruwa. Baƙuwa ce, sai da lallashi.

Ku fara fahimtar farin nan na ganye. Koren ganye shi ne madafar shuka, da shi take haɗa abincinta daga haske. Farin wurin ba ya dafa komai, ado ne kawai. Shi ya sa idan kuka ajiye ta a lungu mai duhu, sababbin ganyaye za su fito kore zalla, don yunwa ta sa ta bar kwalliya. Idan kuma kuka fitar da ita tsakar gida a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, farin ne zai fara ƙonewa. Wurinta shi ne kusa da taga, inda mutum zai iya karanta takarda da rana ba fitila, amma rana ba ta dukanta kai tsaye. Reshen da ya koma kore gaba ɗaya a datse shi, in ba haka ba zai rinjayi sauran.

Tukunyar ƙasa irin ta Mirya, garin da ke kusa da Damagaram, ta fi ta roba, domin tana numfashi. A huda gindinta, a ɗora tsingaro a kan hujin. A zuba ƙasa kashi 2, rairayi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen taki yana iya ƙona saiwa.

Wata ɗaliba ta ce, "Malama, kullum safe ina ba ta ruwa, amma ganyen sai rawaya yake yi." Na ce, "Inna, son da kike mata ne ya yi yawa." Saiwar da ta kwana cikin caɓi ruɓewa take yi. Ku tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In da danshi, ku bari. In ta bushe, ku zuba har ya ɗigo ta ƙasa. Da bazara za ta sha da yawa, da damina kaɗan. Ruwan alwala da aka tara a kwano ya isa, amma ban da ruwan wanki.

Da hunturu ƙura kan rufe ganye ta tare haske. Duk mako a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. In kun ga fararen ƙwari kamar auduga a hammatar ganye, ku share su da ɗan ruwan sabulu.

A kula: ganyen yana da ƙaiƙayi mai zafi, yana kumbura baki in an tauna shi. A rataye tukunyar inda yaro mai rarrafe da kyanwa ba sa kaiwa.

Aikin gida: ku roƙi maƙwabciya reshe mai ganye 3, ku yanka ƙasa da gaɓa, ku tsoma a kwalbar ruwa. Ku rubuta ranar a littafinku, ku rubuta kuma ranar da farar saiwa ta fara leƙowa.