Kurakuran da ke tarwatsa zauren 'yan gem, da yadda ake gyara su

Yawancin rigimar da ke tashi a zauren 'yan gem ba daga gem ɗin take farawa ba. Daga hira take tasowa, ko daga ɗan wasan kalmomin da aka ƙago don rage zaman jira kafin zagaye na gaba. In aka bi diddigi kuma, sai a tarar ba a kafa doka ba sai da aka ɓata.

Kuskuren da aka fi gani shi ne cusa komai a ɗaki ɗaya. Mai neman abokin wasa zai yi magana, kafin a amsa masa barkwanci ya binne saƙonsa. A Discord, manhajar da 'yan gem ke buɗe zaurukan hira, ɗaki uku sun wadatar da ƙaramin zaure: na hira, na neman abokan wasa, da na wasan kalmomi. Kada a zarce gona da iri a buɗe goma sha biyar, don zauren zai koma kufai. A kuma cire wa kowa izinin kiran @everyone, wato kiran da ke taɓo duk 'yan zauren lokaci guda, in ban da masu kula.

Wasan sarƙar kalmomi ne ya fi haddasa musu. Da yawa suna ɗauko dokar "fara da harafin ƙarshe" yadda take, su manta cewa kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Ba a jima ba wasan ya maƙale a kan wasulan a, i da u. Gaɓar ƙarshe ya kamata a bi: kifi, fitila, laka, kaza, zaki. Haka Japanawa ma suke yi a nasu wasan, shiritori, inda wanda ya kawo kalma mai ƙarewa da "n" ya faɗi. Kafin a fara, a yanke magana a kan abin da zai jawo gardama. Ana karɓar sunan mutum ko na gari? Kalmar aro fa? "Ka" da "ƙa" gaɓa ɗaya ce ko biyu? Wannan ta ƙarshen ba ƙaramar magana ba ce, domin ba kowa ne ya saita haruffa masu lanƙwasa a wayarsa ba. Ko wanne aka zaɓa daidai ne, muddin an rubuta an maƙala a saman ɗakin. A kuma amince da ƙamus guda tun farko, in ba haka ba kowa zai ce a bakin kakarsa ya ji kalmar.

Sai matsalar mutum biyu su amsa a lokaci ɗaya. Kowannensu zai rantse nasa ne ya riga, kuma ba lallai ƙarya yake ba, don wayarsa takan nuna masa saƙonsa tun kafin ya isa ga sauran. A bar hukunci ga bot, wato manhaja mai aiki da kanta a zauren, ko ga allon mai kula, a kunna jinkirin saƙo, wanda ke sa mutum ya jira kafin ya sake turawa, na daƙiƙa 5 ko 10, a hana mutum ɗaya amsawa sau biyu a jere. Saƙon da aka gyara bayan turawa a ɗauke shi faɗuwa, tunda Discord alamar gyara kawai yake nunawa, ba ya nuna abin da aka fara rubutawa.

Masu buga Wordle, wasan cankar kalma, nasu kuskuren daban ne. Wasan, wanda Josh Wardle ya fitar a 2021 kafin jaridar New York Times ta saye shi a 2022, kalma ɗaya mai harafi biyar yake bayarwa kullum, kuma tana canjawa ne da sha biyun dare na agogon kowa. Wanda ke Japan ya gama tun na Amurka bai ga kalmar ba. A tura akwatunan launi masu nuna sakamako kaɗai, duk wani bayani a ɓoye shi tsakanin alamar || biyu.

Idan cacar baki ta kaure, babban kuskuren mai kula shi ne ya shiga cikinta a gaban jama'a, ko ya yi tsalle kai tsaye zuwa kora. Mataki-mataki ake bi. A ɗaga jinkirin saƙo zuwa daƙiƙa 30 don zafin ya sauka, a yi wa kowanne magana ta saƙon sirri, in ya ƙi ji a dakatar da shi na minti 10 ko awa ɗaya, sannan kwana guda. Dakatarwar Discord ba ta wuce kwana 28, don haka wanda bai gyaru a nan ba kora ce ta rage. Mai kulan da rigimar ta shafa ya miƙa wa wani shari'ar. Zolayar wanda aka lallasa a gem ba laifi, amma da zarar ta taɓa iyaye, addini ko ƙabila ta tashi daga wasa. Zargin maguɗi kuwa bidiyo ake kawowa, a kai ƙara ta cikin gem ɗin.

Kada a yi hukunci da hoton allon da wani ya turo, don ana yanke shi a bar abin da ake so. A je a karanta ainihin hirar, a ɗauki hoto da hannu kafin a goge komai. A lura kuma lokacin kora: Discord yana ba da zaɓin share saƙonnin mutum na baya har na kwana 7, kuma in aka danna shi, hujjar ta tafi, sarƙar kalmomin ma ta tsinke a duk inda ya taɓa amsawa.