Zama da bugun zuciya mara tsari da yadda za ka yi da magungunan in sun dame ka

Salama alaikum jama'a. Wanga rubutu na wanda lokotoro ya duba takardar ECG, wato awon bugun zuciya, ya ce mai yana da fibrillation auriculaire ne, a takarda za ka ga sun rubuta FA ko ACFA, da kuma masu jinyar tsoho ko tsohuwa a gida nan Tahoua da ƙauyukan kewaye. Magana guda nike son ta shiga kunne tun yanzu: cikin duk magungunan da ke ordonansi, wanda ya fi tsare ranka shi ne wanda ba ka jin amfaninshi a jiki, wato maganin tsinka jini, kuma shi ne mutane sunka fi saurin bari.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa. A wanga ciwo ɗakunan sama sun bar matsawa da tsari sai kakkarwa kawai, shi ya sa in ka saurari bugun za ka ji kamar lugude ya ɓaci, kowace taɓarya na sauka lokacin da ta ga dama. Wani ya ji faɗuwar gaba, wani haki in ya yi 'yar tahiya, wani kuma bai jin komi sam sai an auna. To da yake ɗakin ba ya matsawa sosai, jini na kwantawa a wani lungu na ɗakin hagu na sama ya daskare, ranar da gudan ya ɓalle ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa shi ne shanyewar ɓarin jiki, AVC. Mai wanga ciwo haɗarin AVC ɗinshi ya kai wajen ninki 5 na wanda bai da shi. Yawanci tansiyo ce ke jawo shi, ko tsufa, ko ƙiba da ciwon sukari, ko maƙoƙo mai aiki fiye da kima, amma a ƙasashenmu akwai matasa da yawa, musamman mata, da ke samun shi saboda ƙofar zuciyar da ta lalace tun ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi ma magani ba. Don haka ka roƙa a yi maka eko, wato hoton cikin zuciya, don sakamakonshi ne ke nuna irin maganin tsinka jinin da ya dace da kai.

Ka koyi ƙirga bugunka da kanka, ba shi buƙatar ko dala. Zauna ka huta minti 5, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ɓangaren babban yatsa, ka dubi agogon salula ka ƙirga minti guda cikakke, banda dabarar ƙirga sakan 15 a ninka, wannan ta mai bugu daidai ce. Injin awon tansiyo na gida ma yakan yi ƙarya da irin wanga bugu, ka auna sau 2 ko 3. Galibi lokotoro na son in kana zaune bugun ya kasance ƙasa da 110. In ya sauka ƙasa da 50 kuma kana jiri, wannan na komawa asibiti ne ranar. Ka samu ɗan karne na 'yan lakkol ka riƙa rubutawa.

Yanzu maganin tsinka jini. Akwai Sintrom, akwai kuma Coumadine da Préviscan, duk dangi guda ne, suna aiki ta hanyar rage ƙarfin bitamin K, wanda ke taimaka ma jini daskarewa. Ƙwayar Sintrom mai 4 mg tana da tsaga biyu da sunka gicciye, ana karya ta kashi huɗu, shi ya sa za ka ji an ce sha rabi, ko rabi da kwata, ko yau kwata uku gobe rabi. Nan ne tsofaffi ke rikicewa wallahi. Ɗa ko jika ya zauna da daddare ya karya da hannu busasshe bisa faranti, ya ba tsoho nashi, ya sa alama a karne cewa an sha. Lokaci guda kullum, bayan Magariba ko Isha'i ya fi sauƙin tunawa, kuma in an yi awon jini da safe ana iya gyara awon maganin a daren. In ka manta har gari ya waye ka bar na jiya ya wuce, kar ka haɗa biyu.

Awon jinin sunanshi INR. Ga mafi yawan masu wanga ciwo ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ƙasa da 2 jini na iya daskarewa, in ya haura da yawa kuma zubar jini ce. Da farko ana yin shi akai-akai, in ya zauna sai aƙalla sau guda a wata. Na san kuɗin analizi da na mota na da nauyi ga wanda zai taso daga Keita ko Bouza ko Abalak, amma shan Sintrom babu INR tuƙi ne cikin duhu, gara ka faɗa ma lokotoro gaskiyar aljihunka a san yadda za a tsara. Akwai sababbi da ba su son wanga awo, Xarelto da Eliquis da Pradaxa, sun fi tsada, kuma ƙarfinsu na fita jiki da wuri, tsallake kwana guda ma ka zauna babu kariya. Xarelto na 15 ko 20 mg sai da abinci ake shan shi in ba haka ba bai shiga jiki yadda ya kamata, Eliquis kuma sau 2 ne a rana. Wanda anka sa ma ƙofar zuciya ta ƙarfe, ko wanda ƙofarshi ta mitral, wadda ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya, ta ƙuntace sosai, dangin Sintrom ne nashi, kar wani ɗan'uwa ya aiko da sabon daga waje ka canza da kanka. Aspirin kuma ba ta maye gurbin ko guda cikinsu.

Batun abinci mutane na wuce gona da iri. Za ka ji an hana tsohuwa miyar kuka, an hana zogale, an hana alayyahu da kabeji da salati, an bar ta da tuwo gaya. Ba haka ba ne. Ganye kore na da bitamin K, gaskiya, to amma abin da ke ɓata INR shi ne sauyi na farat ɗaya, wata guda ba ka taɓa ganye ba sai damina ta sauka ka kama kwaɗon zogale da tafasa safe da yamma. Ci yadda ka saba, daidai-daidai, za a daidaita maganin da cimarka. Masu Xarelto da Eliquis wanga zance bai shafe su ba.

Abin da ya fi ganye haɗari nesa ba kusa ba shi ne farantin mai tallar magani a kasuwa da tasha. Ciwon gwiwa ya taso, a miƙo maka diclofenac ko ibuprofène ko wani haɗin maganin gajiya da ba ka san mi ke ciki ba, waɗannan in sun haɗu da mai tsinka jini su ke sa ciki ya yi ta zubar jini ba ka sani ba. Ciwon jiki ko kai, paracétamol, shi ma ba kwana da kwanaki ana zuba shi ba. Flagyl da Bactrim na ɗaga INR ƙwarai, haka Daktarin na shafawa a baki, maganin tarin fuka kuma rifampicine shi saukar da shi yake. Duk inda za a rubuta maka wani abu, ko a CSI na unguwa ne ko farmasi, fara da cewa ina shan Sintrom. Haka wurin cire haƙori, haka kafin allurar ɗuwawu. Ƙaho da tsaga da sakiya wurin wanzami a haƙura da su, aski ma a bi a hankali. Saiwoyi da jiƙe-jiƙe da maganin ƙarfin maza na kwalba, babu mai iya gaya maka abin da za su yi ma jininka, har mai sayarwar. Mace mai shan dangin Sintrom in tana son ɗaukar ciki ko ta ga ɓatan wata ta je asibiti da gaggawa don maganin na iya taɓa jariri, akwai allurar da ake canza mata.

Ɗan jini a asuwaki ko tabo shuɗi a fata ba na tada hankali ba ne, ka rubuta ka faɗa a randebu. Haɓo kuma ka zauna ka ɗan sunkuyar da kai gaba, ka matse hanci minti 10 ba saki, banda ɗaga kai sama. In bai tsaya ba a tahi. Wanda ba a jira da shi: bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi da wari, fitsari ja, aman jini ko mai kalar garin kafe, al'ada mai zuba ba ƙaƙƙautawa, ciwon kai mai tsanani da ba ka taɓa ji ba, ko ka faɗi daga babur kai ya bugu ko da ka tashi garau.

Sai masu rage gudun zuciya, bisoprolol ko aténolol. Su ne ake yawan kuka da su: kasala, sanyin hannu da ƙafa, jiri in an miƙe, wani lokaci munanan mafarkai. Makonnin farko sun fi wuya, jiki kan saba. In za ka tashi daga tabarma zauna tukuna, ka ɗan jima, sannan ka miƙe, a sallah ma in ɗagowa daga sujada na kawo jiri ka yi a zaune. Akwai kuma abin da maza ba su faɗi, raunin mazakuta, sai mutum ya bar maganin shiru ya koma wurin mai kwalba. Malam faɗa ma lokotoronka, ya ji irin wannan ba adadi, ana rage awo ko a canza wani. Abin da ba a yi shi ne tsayar da bisoprolol rana guda, zuciya na iya zabura fiye da da. Mai asma ya faɗa tun farko, mai ciwon sukari kuma ya sani maganin na ɓoye faɗuwar gaban da ke nuna sukari ya sauka, zufa ce za ta rage mai alama. Wanda anka ba diltiazem ko vérapamil zai iya ganin kumburin idon sawu ko taurin bayan gida.

Digoxine, ita ma mai rage gudun zuciya, ƙaramar ƙwaya ce amma tsakanin awon da ke magani da wanda ke guba ba nisa. Tsoho ya bar cin abinci, tashin zuciya, amai, ya ce yana ganin abubuwa rawaya-rawaya ko fitila da zobe kewaye da ita, ya fara ruɗewa, kar a ce masassara ce kawai ko tsufa, a kai shi a duba ƙoda da potasiyum. Abin ya fi faruwa in yana shan Lasilix, maganin sa fitsari, tare, ko ya yi gudawa, ko lokacin bazara.

Cordarone, wato amiodarone, mai daidaita tsarin bugu, yana da aidin a ciki, yana iya taɓa maƙoƙo ta kowane ɓangare, ko ka rame kana zufa da rawar hannu, ko ka yi nauyi kana jin sanyi da barci. Ana awon TSH, wato na maƙoƙo, da na hanta wajen kowane wata 6. Yana sa fata ƙonewa da rana, ga ranar Adar kuwa ba sai na faɗa ba, malfa da riga mai dogon hannu. Busasshen tari da haki sabo ga mai shan shi, a je a ɗauki hoton ƙirji kar a ce ƙurar hunturu ce. Yana kuma ɗaga INR da ƙarfin digoxine, kuma ko an bar shi yana ɗaukar watanni kafin ya fita jiki.

Afrilu da Mayu zafi na haura 40 a nan, rashin ruwa a jiki na tada bugun kuma yana wahal da ƙoda. Sha ruwa, sai fa in lokotoro ya ƙayyade maka saboda kumburi, to tambaye shi lita nawa a bazara. Magani kar ya kwana a aljihun mota ko ƙarƙashin kwanon rufi, nemi wuri mai inuwa cikin ɗaki. Azumi kuma a je randebu kafin wata ya kama, da yawa ana mayar masu da maganin sahur da buɗa baki su yi azuminsu lahiya lau, wasu kuma za a ce su sha, kuma addini ya ba mara lahiya wannan rangwame. Shayi a fada, kofi guda ko biyu ba shi ne matsala ga yawancin mutane ba, amma in ka lura na farkon nan mai ɗaci ko goro ko Nescafé na tada maka, ka jira na ukku. Giya, taba, tramol da lemun ƙara ƙarfi na gwangwani babu zancen lura, bari ne. Rage gishiri da dunƙulen magi da kanwa saboda tansiyo, ka riƙa tattaki da sanyin safiya gwargwadon yadda za ka iya magana kana tahiya.

In randebunka a Yamai ne, hanya ta haura kilomita 500 ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso, sa maganin a aljihu ba cikin jakar da ke bisa mota ba, ka ɗauki karne da tsofaffin ECG. Kar ka jira ƙwaya ta ƙarshe kafin ka nemi wata, saura na mako guda ka fara zagaya farmasi don yakan yanke. Ka rubuta sunan maganin tsinka jinin a 'yar takarda ka sa tare da katin ɗan ƙasa.

Mutanen gida kuma kowa har yara su san wannan: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɓangare guda ya mutu, magana ta sarƙe ko ido ya rufe farat ɗaya, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a nufi babban asibiti nan take ko da ya warware bayan 'yan mintoci. Kar a ɗura mai ruwa ko rubutu ko hura don zai iya shaƙewa, kar a ba shi aspirin ko a ƙara mai Sintrom, don sai an yi sikana, wato hoton ƙwaƙwalwa, ake sanin jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi. A kwantar da shi ta gefe cikin mota, addu'a a yi ta a hanya, wani ya ɗauko ledar magungunan duka da karnen INR.