Yadda za a kai iyali Gandun Dajin Binuwai

Gandun yana arewacin Kamaru, gefen babbar hanyar Garwa zuwa Ngawundare, faɗinsa kusan hekta 180,000, kuma tun 1968 aka mayar da shi gandun daji na ƙasa. Da damina hanyoyin cikinsa caɓi ne, ciyawa ta fi mutum tsawo, ba abin da za ku gani. Ku je tsakanin Janairu da Fabrairu. Lokacin ciyawa ta bushe, dabbobi na sauka kogi shan ruwa, zafin Maris da Afrilu mai haura digiri 40 kuma bai iso ba, wanda ƙananan yara ba sa jurewa.

Ku nemi katkat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, mai tsayin ƙasa, da tayar safaya biyu, don kututturen da gobarar daji ta bari yana tsaga taya ta gefe, irin tsagar da faci ba ya kamawa. Ku cika tanki tun daga gari, ku ƙara jarka. Ruwan sha, lita 5 ga kowane mutum a yini. Kuɗin shiga da na ɗan rakiya ku riƙe su sefa a hannu, waya ba ta kamawa ko'ina.

Tufafi su zama masu dogon hannu, ruwan ƙasa. Tsando yana bin baƙi da shuɗi, kuma yana bin mota mai tafiya, saboda haka a ɗaga gilashi idan an shiga kurmin bakin rafi.

Ku kwana a sansanin Buffle Noir da ke bakin kogi, da gidan sauronku, ku fita bayan sallar asuba. Kafin hantsi ake cin karo da mariya, gwambaza, kanki da mugun dawa. Ɓauna sai an yi haƙuri. Rana na take tsaka duk sun shige inuwa, sai kuma la'asar.

Inda iyaye suka fi sakaci shi ne bakin ruwa. Dorina tana kiwo a tudu da dare, ta koma gurbi da sassafe ta turbar da ta saba. Idan kun ga turba mai faɗi da kashi a warwatse jikin ciyawa, ku kauce, domin wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa shi take takewa. Yaro kada ya matsa gaɓa, ko don alwala, akwai kada. Duk inda jami'in gandun daji ya ce a tsaya, a nan za a tsaya, a riƙe hannun yaran.