Kurakuran da aka fi yi wajen sayen laftof don buga wasannin PlayStation

Matasa da yawa a Garwa da Marwa da Kuseri suna tara kuɗi su sayi laftof ta hannu domin buga wasannin PlayStation ta hanyar manhajar kwaikwayo, wadda aka fi sani da emuleta, sai an koma gida a tarar wasa yana tafiyar hawainiya, sauti kuma yana kakkatsewa. A mafi yawan lokuta matsalar ta faro ne tun a shago.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne dogaro da ƙaramar takardar da aka manna a jikin na'urar. Mai saye yana ganin an rubuta Core i7 sai hankalinsa ya kwanta. Aikin emuleta shi ne fassara umarnin da aka rubuta wa injin PlayStation zuwa wanda kwamfuta take ganewa, a daidai lokacin da ake wasan, kuma kusan duk wannan nauyi yana kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin su Core i7 ɗin nan. Saboda haka cikakkiyar lambar firosesa ce abin dubawa. Misali, i7-7500U ta shekarar 2016 ƙwayoyin aiki biyu kawai take da su, alhali i5-8250U da ta fito a 2017 tana da huɗu, kuma sau da yawa ta fi araha a kasuwa saboda sunanta bai kai i7 burgewa ba. Harafin ƙarshe ma yana da ma'ana: mai U an ƙera ta ne don tsimin batir, tana aiki da kusan wat 15, mai H kuwa tana kai wa wat 45, shi ya sa ta fi jure aiki mai nauyi. A buɗe Task Manager, wato manhajar Windows da ke nuna bayanan na'ura, a gaban mai shago a karanta lambar da ido. Wadda ta kasa ƙarni na 8 a jerin Intel (8250U ƙarni na 8 ce, 7500U kuma na 7) gara a bar ta, domin Windows 11 ba ta karɓar yawancinsu a hukumance, Microsoft kuma ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025.

Wasu kuma suna zuwa kasuwa ba su yanke shawarar wasannin da suke so ba. PPSSPP na wasannin PSP da DuckStation na PlayStation ta farko suna tafiya a kan ƙaramar na'ura ba tare da wahala ba. PCSX2 na PlayStation 2 da Dolphin na GameCube da Wii suna buƙatar matsakaiciya. RPCS3 na PlayStation 3 kuwa wani al'amari ne daban, domin firosesar Cell da Sony ta saka a PlayStation 3 a 2006 tana da wuyar kwaikwayo ƙwarai, kuma wanda yake son ta ya nemi irin Ryzen 5 5600H mai ƙwayoyi shida da ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, giga 16. Wanda burinsa ƙwallon PES na PlayStation 2 ne ba ya buƙatar kashe wannan kuɗin.

Katin hoto irin GTX 1650 yana ƙara wa hoto kyau da tsabta, amma ba ya ceton firosesa mai rauni. Idan na'urar ba ta da kati na daban, a tabbatar ram ɗin sanda biyu ne, domin giga 4 sau biyu sun fi giga 8 guda ɗaya saurin ciyar da sashen hoto da ke cikin firosesa.

Abin da na fi so a ɗauka da muhimmanci shi ne zafi, domin shawarwarin da ake karantawa a intanet yawanci mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su. A watan Maris da Afrilu zafin Marwa da Njamena yana haura digiri 40, kuma firosesa idan ta yi zafi sosai tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa laftof siririya take fara wasa lafiya, bayan ɗan lokaci ta soma sanda. Gwajin minti biyu a shago ba ya nuna wannan. A zo da emuleta da wasa a filas, a roƙi mai shago a bar shi yana gudana kamar rabin awa, ana kallon ma'aunin gudu da PCSX2 yake iya nunawa a kusurwar allo; idan ya sauka ƙasa da kashi 100 ya ƙi komawa, an ga gaskiyar na'urar. A kara hannu a mafitar iska: iska mai zafi tana fita da ƙarfi alama ce mai kyau, fanka mai ƙara ba iska kuwa ƙurar hunturu ce ta toshe hanya. Maganinsa shi ne mai gyara ya buɗe ya share, ya sauya man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta. A gida kuma kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, a sa ta a tebur a ɗan ɗaga bayanta.

Caja ma ana yawan raina ta. Laftof mai H da katin hoto tana buƙatar caja mai ƙarfi, sau da yawa sama da wat 100, kuma idan aka haɗa ta da ƙaramar caja ta wat 65 ko aka bar ta a kan batir lokacin da aka ɗauke wuta, ƙarfinta yana raguwa nan take. A kwatanta adadin wat da ke jikin cajar da wanda na'urar take buƙata kafin a miƙa ko sefa ɗaya.